FAIFAN ƘASHIN BAYA DA CUTUTTUKANSA A JIKIN MUTUM DA DABBA

Da wuya a sami gidan da babu mai kukan ciwon baya. Manomi yana kuka da shi bayan huɗa, ɗan dako yana kuka da shi in ya sauke buhu, haka kuma akawun da ke wuni a kan kujera da direban babbar mota da matar da ke jan guga safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aiki. Galibin wannan ciwo na tsoka ne, yakan tafi da kansa cikin 'yan kwanaki ko makonni. Amma akwai wanda tushensa wani ɗan abu ne mai taushi da ke zaune tsakanin ƙasusuwan baya, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi a jikinsu ba sai ranar da ya kwantar da su.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin jama'a su san wannan abu, su san yadda yake aiki da yadda yake lalacewa, su kuma iya rarrabe ciwon da haƙuri ke maganinsa da wanda in aka kwana da shi a gida mutum zai iya rasa ƙafafunsa.

YADDA GINI YAKE

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne da aka ɗora wani a kan wani, tun daga ƙeya har zuwa ƙasan kwankwaso. A jikin mutum gaɓoɓi 33 ne. Akwai 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a ƙugu. Waɗannan 24 su ne masu motsi. Sauran, watau 5 na kwankwaso da kimanin 4 na can ƙarshe, sukan haɗe su zama dunƙule sa'ad da mutum ya girma. Kowace gaɓa tana da rami ta baya, kuma in aka jera su sai ramukan su zama doguwar hanya wadda laka ke bi daga ƙwaƙwalwa. Daga lakar nan ne jijiyoyi ke fita bibbiyu, dama da hagu, ta wasu ƙananan kafofi tsakanin gaɓa da gaɓa, su kai saƙon motsi zuwa hannu da ƙafa, su kuma komo da labarin zafi da sanyi da taɓi.

Tsakanin gaɓa da gaɓa ne faifan yake. Likitoci sun ba shi wannan suna saboda kewayayye ne kamar faifan rufe ƙwarya, amma aikinsa ya fi kama da na gammo, domin shi ke hana ƙashi gugar ƙashi, shi ke kuma raba nauyi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci yana sarar gadon bayan rago ya ga abin da idonsa: wani farin zobe mai tauri tsakanin ƙashi biyu, tsakiyarsa da ɗan danshi. Mutum yana da irin wannan guda 23. Babu shi tsakanin ƙoƙon kai da gaɓar farko, babu shi tsakanin gaɓar farko da ta biyu, sai daga nan ya fara har zuwa inda ƙugu ya haɗu da kwankwaso. Na ƙugu sun fi girma, kaurin kowanne ya kai kusan santimita 1, faɗinsa kuwa wajen santimita 4. In aka haɗa kaurinsu duka, sun kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon ƙashin baya.

Faifai yana da ɓawo da cibiya. Ɓawon zobe ne na zaruruwa masu ƙarfi, ninki 15 zuwa 25, wani cikin wani kamar albasa. Zaren kowane ninki yana kwance ne a karkace, na ninkin da ke biye kuma ya karkata ta ɗaya gefen, kamar saƙar tabarma, don haka ko ta ina mutum ya murɗa jikinsa akwai zaren da ke riƙe. Cibiyar kuwa abu ne mai yauƙi kamar jiƙaƙƙen ƙaro. A jikin yaro fiye da kashi 80 cikin 100 nata ruwa ne. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka in nauyi ya danno daga sama sai cibiya ta tura ta ko'ina, ɓawo ya tare, kamar dai yadda iska da taya ke ɗaukar mota. Sama da ƙasa kuma akwai siririn guringuntsi da ya manne faifan da ƙashi.

Wani abin lura shi ne jini ba ya shiga cikin faifan baligi. Abincinsa yana tsattsafowa ne a hankali ta wannan guringuntsi daga ƙananan hanyoyin jinin da ke cikin ƙashi, motsin jiki kuma yana taimaka wa ruwa shiga da fita. Da rana nauyin jiki yakan matse ruwan, da dare in an kwanta ya sake tsotsa. Shi ya sa mutum ya fi tsawo da asuba, ya kuma rage da santimita 1 zuwa 2 kafin magariba. 'Yan sama jannati da suka daɗe a inda babu nauyi sukan ƙaru da kusan santimita 5, su komo yadda suke bayan sun sauko. Wannan ƙarancin jini shi ne kuma dalilin da ya sa faifai in ya ji rauni yake jinkirin warkewa, ba kamar tsoka ko fata ba.

NAUYIN DA YAKE ƊAUKA

Tun a shekarun 1960 wani likitan ƙashi na ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya fara soka allura mai ma'auni cikin faifan rayayyen mutum don ya ga irin matsin da ke ciki. A 1999 wasu masana a Jamus, ƙarƙashin Hans-Joachim Wilke, suka sake wannan awo a faifan ƙugun wani mutum mai shekara 45 da ya ba da kansa. Abin da suka samu, in aka ɗauki matsin kwanciya a matsayin 1, tsayuwa 5 ce, sunkuyawa gaba ba tare da kaya ba 11. Da ya ɗaga kaya mai nauyin kilo 20 bayansa a tanƙware, ƙafafu a miƙe, matsin ya kai 23. Da ya durƙusa da gwiwa ya ɗaga, ya sauko 17, da ya rungumo kayan jikinsa kuwa 11 kawai. Awon mutum ɗaya ne, amma darasinsa a fili yake. Mai karatu ya tuna cewa jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, buhun siminti kilo 50, babban buhun hatsi kuwa yakan kai 100.

TSUFA DA FASHEWA

Faifai yana cikin sassan jiki da suka fi saurin tsufa. Tun mutum yana cikin shekarunsa na ashirin cibiya take fara rasa ruwa, ta yi tauri, ɓawo ya fara tsattsagewa kaɗan kaɗan, faifan ya rage tsawo. Wannan ba cuta ba ce a karan kansa, furfura ce ta cikin jiki. Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, ya nuna alamun wannan tsufa a kashi 37 cikin 100 na masu shekara 20, da kashi 96 na masu shekara 80. Binciken da aka yi kan tagwaye a ƙasar Finlan ya nuna cewa gado yana da babban hannu a cikin saurin lalacewar, fiye da yadda aka zata a da. Shan taba yana ƙara ta, domin yana tsuke ƙananan hanyoyin jinin da faifai ke ci daga gare su. Ƙiba, da girgizar mota ta tsawon shekaru, da yawan ɗaga kaya a sunkuye tare da murɗa jiki, duk suna cikin lissafi. Masu dakon kaya a ka kuma wuyansu ne ke biya: hotunan da aka ɗauka na irin waɗannan ma'aikata sun nuna lalacewar gaɓoɓin wuya ta fi yawa ƙwarai a cikinsu fiye da sauran mutane.

Fashewa ita ce sa'ad da tsagar ɓawo ta yi zurfi har cibiya ta kutsa ta ciki. Wani lokaci takan tura ɓawon ne kawai ya kumbura, wani lokaci ta huda shi ta fito, wani lokaci ma wani yanki ya gutsure ya faɗa cikin hanyar laka. Ɓawon ya fi rauni ta baya, ta gefe kaɗan, kuma rashin sa'a nan ne jijiya ke wucewa. Abin da ya fito yana danne jijiyar, yana kuma ƙona ta da wasu sinadarai masu kawo kumburi. Kusan duk fashewar ƙugu, wajen 9 cikin 10 ko fiye, tana faruwa ne a faifai biyu na can ƙasa, inda nauyi ya fi taruwa. Ta fi samun masu shekara 30 zuwa 50, maza sun fi mata, domin a lokacin ɓawo ya fara tsagewa amma cibiya ba ta bushe ba tukuna. Dattijo wanda cibiyarsa ta riga ta ƙafe ba shi da abin da zai fito sosai. Shi matsalarsa takan zama tsukewar hanyar jijiyoyi, wadda ke sa ƙafafu su yi nauyi in ya yi tafiya, su saki in ya zauna ko ya sunkuya.

Ana yawan cewa ƙashi ya goce ko faifai ya zame. Faifai ba ya zamewa, a manne yake da ƙashi sama da ƙasa. Don haka babu hannu ko diddigen da zai tura shi ya koma wurinsa, kuma ƙarar da ake ji in an taka bayan mutum daga wasu ƙananan gaɓoɓi take fitowa.

An daɗe da sanin ciwon da ke bin ƙafa kafin a san dalilinsa. Domenico Cotugno na birnin Naples a Italiya ya bayyana shi a 1764. Likitocin fiɗa kuwa sun yi ta cire wani abu daga hanyar laka suna zaton ƙari ne na guringuntsi, har zuwa 1934, lokacin da William Mixter da Joseph Barr na birnin Boston a Amurka suka nuna cewa wannan ƙari cibiyar faifai ce da ta fashe.

ALAMOMI

Mai fashewar faifan ƙugu sau da yawa ƙafa ce ta fi damunsa fiye da bayan. Ciwon yakan taso daga ɗuwawu ya bi bayan cinya ya wuce gwiwa zuwa sha-raɓa ko tafin ƙafa, galibi a gefe ɗaya, kamar an ja waya mai wuta. Tari ko atishawa ko yunƙurin bayan gida suna tsananta shi, haka ma dogon zama. Wani yakan ji kamar kiyashi na bin ƙafarsa, ko wani wuri ya mutu ba ya jin taɓi. Daga wurin da ciwon ya bi likita yake gane jijiyar da aka danne. Wanda ya kasa ɗaga babban yatsa ko tafiya a kan diddige, har takalmi yana sulluɓe masa, jijiya ta biyar ta ƙugu ce. Wanda ya kasa yin ɗage a kan yatsu, ta ƙasa da ita ce. Shi ya sa likita yakan kwantar da majinyaci rigingine ya ɗaga ƙafarsa a miƙe, ya ga ko ciwon zai harba. In a wuya abin yake, kafaɗa da hannu da yatsu ne ke ɗaukar ciwon.

Akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu. A jikin baligi laka takan ƙare ne wajen gaɓa ta farko ko ta biyu ta ƙugu. Daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne a tattare kamar gashin wutsiyar doki, sunan da likitoci suka ba su ke nan, kuma a cikinsu akwai masu kula da fitsari da bayan gida da al'aura. In babban yanki na faifai ya faɗo musu gaba ɗaya, mutum yakan kasa fitsari ko ya riƙa zubowa bai sani ba, bayan gida ya kuɓuce masa, tsakanin cinyoyi da inda ake zama a kan sirdi ya mutu, ƙafafu biyu su yi rauni. Wannan aikin fiɗa ne na gaggawa, wanda ake so a yi cikin kwana ɗaya ko biyu. Mutane da yawa kunya takan hana su faɗin irin wannan, musamman a gaban 'ya'ya ko surukai, sai su ambaci ciwon baya kawai. Wajibi ne a faɗa wa ma'aikacin lafiya dalla dalla, domin jijiyar da ta mutu ba ta cika dawowa ba, kuma mutum yana iya ƙare rayuwarsa da robar fitsari. Haka nan wanda rauninsa ke ƙaruwa kullum, ko hannuwansa suka fara kasa sa maɓalli, tafiyarsa ta zama ta tangaɗi, lalle ne a kai shi babban asibiti.

HOTO DA MAGANI

Hoton eksire ƙashi yake nunawa, faifai ba ya fitowa a ciki, iyaka a ga ratar da ke tsakanin gaɓoɓi ta ragu. Na'urar maganaɗisu da ake kira MRI ita ke nuna faifai da jijiya. Amma fa tana da tsada, kuma tana nuna abin da ba shi ne ke ciwo ba. A wani bincike na 1994 a Amurka an ɗauki hoton mutum 98 da ba su da ciwon baya, aka sami kumburin faifai a fiye da rabinsu. Saboda haka wanda aka ba takardar sakamako mai dogon Turanci kada hankalinsa ya tashi, likita zai gwada abin da ke hoton da abin da ke jikin. Wanda kuma ba shi da alamun haɗari ba ya bukatar sayar da akuya don ɗaukar hoto a makonnin farko.

Labari mai daɗi shi ne mafi yawan masu fashewar faifai suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da an yi musu aiki ba. Kumburi yakan sauka, jiki kuma yakan cinye abin da ya fito a hankali, kuma abin mamaki, yankin da ya fi girma ya gutsure shi ya fi saurin narkewa. A da likitoci sukan kwantar da mutum a kan katako makonni. An bar wannan, domin an gano doguwar kwanciya tana raunana tsoka ba ta kuma gaggauta warkewa. Hutun kwana ɗaya ko biyu ya isa in ciwo ya yi tsanani, daga nan sai tafiya kaɗan kaɗan da komawa ƙananan ayyuka, tare da motsa jiki irin wanda masu gashin ƙashi na asibiti ke koyarwa.

Game da magunguna akwai gargaɗi. Masu rage kumburi irin su ibuprofen da diclofenac suna taimakawa na ɗan lokaci, amma shan su wata da watanni, ko haɗa biyu ko uku a lokaci guda kamar yadda ake ƙulla wa leburori a leda, yana huda ciki yana kashe ƙoda. Mai gyambon ciki da mai hawan jini da mace mai ciki kada su sha sai da izinin likita. Tramadol kuwa ya mai da ma'aikata da yawa bayinsa, waɗanda suka fara shi don su iya fita aiki. Ƙaho da tsaga da lalas ba sa kaiwa inda faifai yake, wanda ke can ƙarƙashin tsoka mai kauri, kuma aska ɗaya ga mutane da yawa hanya ce ta ciwon hanta. Maɗori yana da aikinsa, amma jan baya ko taka shi ga mutumin da ƙafarsa ta riga ta yi rauni ganganci ne.

In ciwon ƙafa ya ƙi sauka bayan makonni, ko rauni ya ci gaba, akan yi aiki a cire yankin da ke danne jijiya kawai, a bar sauran faifan. Tun 1977 ake yin wannan ta ƙaramar kafa da madubin ƙara girma. Gwajin da aka yi a Holan a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa aiki da wuri sun fi saurin samun sauƙi, amma bayan shekara ɗaya su da waɗanda suka jira sun yi kusan daidai. Ana samun wannan aiki a asibitocin koyarwa na jami'o'i da asibitocin ƙashi na tarayya, irin su Dala a Kano da Igbobi a Legas da na Inugu.

WASU CUTUTTUKA MASU SHIGAR BURTU

A ƙasar nan ba kowane ciwon baya mai tsanani ne fashewar faifai ba. Ƙwayar tarin fuka takan bi jini ta sauka a ƙashin baya, ta cinye gaɓa biyu da ke maƙwabtaka, daga baya ta ci faifan da ke tsakaninsu, har baya ya karye ya fito da doro. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana ta a 1779. Mai ita ba lalle ne ya yi tari ba. Alamarta ciwon da ba ya sauka ko an kwanta, zazzaɓin yamma, gumin dare, da rama. Tana warkewa da maganin tarin fuka, wanda ake bayarwa kyauta a cibiyoyin gwamnati, amma shansa yakan ɗauki har shekara guda, kuma in aka makara doron ba ya komawa. Yaron da ya daina wasa, yana tafiya a sandare, yana dafa gwiwa in zai ɗauki abu a ƙasa, a kai shi a duba.

Ta biyu ita ce cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa shanu ɓari da kumburin gwiwa. Mutum yana ɗaukarta ta shan madarar da ba a tafasa ba, ko taɓa mahaifa da ɗan ɓari da hannu tsirara. Tana son faifan ƙugu, tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, wanda akan yi ta yi wa maganin cizon sauro a banza. In ta kama ƙashin baya maganinta haɗin ƙwayoyi ne na wata 3 ko fiye. Makiyayi da mahauci ya kamata su faɗa wa likita sana'arsu. Wanda ya taɓa yin ciwon daji, ko dattijon da ciwon baya ya same shi tare da rama, shi ma bincikensa daban ne.

A JIKIN DABBOBI

Akwai masu cewa ciwon faifai farashin tafiya da ƙafa biyu ne. Maganar ba ta cika ba, domin dabba mai ƙafa huɗu ma tsokokin bayanta suna matse gaɓoɓin juna daga gaba zuwa baya, kuma faifanta iri ɗaya ne da na mutum, ɓawo da cibiya. Yawan gaɓoɓi ne ya bambanta. Kare yana da 13 a ƙirji da 7 a ƙugu, sa 13 da 6, doki 18 da 6, jaki kuwa 5 ne a ƙugunsa. A wuya kusan duk dabbobi masu shayarwa 7 gare su, daga ɓera har raƙumi, har raƙumin dawa wanda gaɓarsa ɗaya takan kai santimita 25. Cikin 'yan kaɗan da suka saɓa akwai ayu, na kogin Binuwai da Kwara, mai gaɓa 6.

A doki cibiyar faifai zare ce mai tauri tun yana ƙarami, saboda haka fashewa ba ta cika samunsa ba. Dokin da ke lanƙwasa baya in an ɗora sirdi, ko jakin da ke ƙin mangala, yawanci miki ne ko ciwon tsoka daga sirdin da bai zauna ba ko kaya fiye da ƙima, wani lokaci kuma ƙayoyin saman gaɓoɓi ne ke gugar juna. Tsofaffin bijimai sukan tsiro da ƙashi a gefen faifai har gaɓoɓi su haɗe, bijimi ya sandare ya kasa barbara.

Kare shi ne ya fi kowace dabba wannan lalura. A 1952 wani likitan dabbobi a Suwidin, Hans-Jørgen Hansen, ya raba ta gida biyu, kuma har yau da rabonsa ake aiki. Iri na farko na karnuka ne masu gajerun ƙafafu da dogon jiki, irin su Dachshund da Pekingese da Bulldog na Faransa. A cikinsu cibiya takan bushe ta zama kamar alli tun kare bai wuce shekara biyu ba, sai wata rana, galibi tsakanin shekara 3 da 7, ya yi tsalle daga kujera ta fashe gaba ɗaya. Kimanin Dachshund ɗaya cikin biyar yakan gamu da wannan a rayuwarsa. A 2017 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi, wadda kuma take cikin abin da ke gajarta ƙafafun. Watau siffar da masu kiwo suka zaɓa don sha'awa ita ta zo da cutar. Iri na biyu na manyan karnuka ne in sun tsufa, kamar Alsashiyan da ake ajiyewa don gadi da aikin 'yan sanda. Nasu ɓawo ne ke kumbura a hankali, kare ya riƙa jan ƙafar baya wata da watanni. Karnukan gida da na farauta masu dogayen ƙafafu ba su cika samun iri na farko ba.

Abin ya fi muni ga kare saboda lakarsa tana kaiwa kusan ƙarshen ƙugu. Abin da a mutum zai danne jijiya ɗaya, a kare laka kanta yake dannewa, ƙafafun baya su shanye. Yawancin fashewar tana faruwa ne inda ƙirji ya haɗu da ƙugu, domin daga gaɓa ta 2 zuwa ta 10 ta ƙirji akwai wata igiya da ta ratsa kan faifai tsakanin kawunan haƙarƙari tana tsare shi. Likitan dabbobi yakan matse yatsan ƙafar da ta shanye da ƙarfi. In kare ya juyo ko ya yi kuka, saƙo yana wucewa, kuma wajen 9 cikin 10 na irin waɗannan suna sake tafiya bayan aiki. In bai ji komai ba, kusan rabi ne ke tashi.

A nan ma akwai gargaɗin da ya shafi ran mutum. Haukan kare ba kullum yake zuwa da cizo da guje-guje ba, akwai irin da ke fara da shanyewar ƙafafu da sakin muƙamuƙi da dalala. Karen da ba a yi wa rigakafi ba, ya kwana ya tashi ba ya iya tsayuwa, kada a sa hannu a bakinsa, kada a bar yara kusa da shi, a tsare shi a kira ma'aikacin dabbobi. Wanda ya ciza ko ya lasa a kan rauni ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

In an tabbata faifai ne kuma kare yana iya tafiya, maganin farko shi ne a tsare shi a ƙaramin keji mako 4 zuwa 6, ba tsalle ba hawa matakala, a fito da shi da igiya don fitsari kawai. Kada a ba shi maganin mutane: ibuprofen yana huda cikin kare, paracetamol kuwa yana kashe kyanwa. Wanda ya shanye a ɗora shi a kan katako ko faffaɗan allo, bayansa a miƙe, a kai shi asibitin dabbobi na jiha ko na koyarwa, kamar na Zariya da Ibadan da Nsukka da Maiduguri da Sakkwato. A gaya wa likitan ranar da ƙafafun suka daina aiki, da kuma ko kare yana iya fitsari da kansa.